FILIN KIMIYYA: Idan Manhajar Sauke Shirye-shiryen Murya Ta Ƙi Tashi

A wannan fitowa filinmu zai yi bayani ne a kan wata matsala da kan sami mai kwamfuta a gida, watau ka danna tambarin manhajar da take sauko maka da shirye-shiryen murya daga intanet, ka jira, ka sake dannawa, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Wani lokaci taga takan leƙo kamar ƙiftawar ido ta ɓace, wani lokaci kuwa ko motsi ba za ka gani ba.

Kafin mu shiga gyara, bari mu faɗi ko mene ne wannan abu, domin iyayenmu da ba su saba da shi ba. Fodkas shiri ne na murya, kamar shirin rediyo, sai dai shi ba ya jiran lokaci. Mai shirin yakan ɗora shi a intanet kashi-kashi, kai kuma ka sauke ka saurara sa'ad da ka ga dama. Sunan ya fara bayyana ne a watan Fabrairu na 2004, a wani rubutu da ɗan jarida Ben Hammersley ya yi a jaridar Guardian ta Ingila. Kowane shiri yana da wani adireshi da ake kira RSS, wanda yake ɗauke da jerin kashe-kashen shirin da inda za a samo kowanne. Aikin manhajar shi ne ta riƙe waɗannan adireshi, ta riƙa leƙa su, in ta ga sabon kashi ta sauko da shi ta ajiye.

Manhajojin da ke wannan aiki suna da yawa, amma za mu ɗauki ɗaya mu yi misali da ita, sunanta gPodder. Wani mutumin ƙasar Ostiriya mai suna Thomas Perl ne ya fara rubuta ta a 2005. Kyauta ce, kuma tana aiki a kan Windows da Linux da kwamfutar Apple. Mun zaɓe ta ne saboda ba ta ɓoye kayanta, duk abin da ta ajiye kana iya ganinsa da idonka. Wanda ya fahimci yadda ake binciken wannan, zai iya bin sawun kowace irin manhaja da ta ƙi tashi.

Abin da bai kamata a yi ba

Da yawa daga cikinmu, da abu ya ƙi tashi sai mu ce kwamfuta ta lalace, a kai wa mai gyara. Shi kuma wani mai gyaran, hanyar da ta fi masa sauƙi ita ce ya share komai ya sake zuba sabon Windows. To, ku lissafa abin da ke tafiya. Shirin awa ɗaya yakan ci wajen megabait 30 zuwa 60, gwargwadon kyawun sautinsa. Gidan da ya tara darussa da labarai na awa 100 ya tara gigabait 3 zuwa 6 ke nan, kuma kowane megabait da kuɗi aka saye shi. Ban da wannan akwai jerin adireshin shirye-shiryen da aka daɗe ana tarawa, da alamar wanda aka saurara da wanda ba a saurara ba. Wani shirin ma mai shi ya riga ya sauke shi daga intanet, in naka ya ɓace ba ka da inda za ka sake samo shi. Saboda haka doka ta farko: kada a goge komai, kada a bar kowa ya goge komai, sai an kwafi kayan an ajiye a wani wuri.

Ina kayan suke? gPodder tana tara su duka a cikin folda guda mai sunanta. A Windows za ka same ta cikin Documents. A Linux tana cikin foldar gida ta mai amfani da kwamfutar. A kwamfutar Apple kuma tana cikin Library, ƙarƙashin Application Support. In ka buɗe ta za ka ga fayil mai suna Database, shi ne kundin da ke riƙe da sunayen shirye-shirye da duk bayanansu. Za ka ga Settings.json, nan take rubuta yadda ka tsara ta. Sa'an nan ga foldar Downloads inda sautin kansa yake, ga kuma foldar Logs wadda za mu yi dogon bayani a kanta nan gaba. Ka sami filashi ko wani rumbun ajiya mai isasshen wuri, ka kwafe wannan folda gaba ɗayanta. In filashin bai isa ya ɗauki Downloads ba, to aƙalla ka kwafi Database da Settings.json da duk wani ƙaramin fayil da ke zaune kusa da su, su ba su da nauyi.

Ku lura da wani abu a nan, domin shi ne ginshiƙin duk abin da zai biyo baya. Manhajar kanta tana wuri ɗaya, kayanta suna wani wuri dabam. Kamar tela ne da shagonsa: in an zo an tarar ba a ɗinki, ko dai telan ne ba shi da lafiya, ko kekensa ne ya lalace, ko kuma ƙofar shagon ce ta ƙi buɗuwa. Wanda ya cire manhaja ya sake girka ta, tela ya canja. In matsalar a shagon take, sabon telan ma haka zai zo ya tsaya a bakin ƙofa. Shi ya sa za ka ji mutum yana cewa, "Na cire ta na mayar har sau uku, amma ta ƙi." Ai ba za ta tashi ba, tunda bai taɓa inda ciwon yake ba.

A fara da mai sauƙi

Sau da yawa manhajar ta riga ta tashi, kai ne ba ka gan ta ba. Duba can ƙasan allo kusa da agogo, ko ta laɓe a nan. Danna Alt da Tab tare, ka ga ko tana cikin jerin tagogin da ke buɗe. Akwai wani abin mamaki da kan faru ga wanda ya taɓa haɗa kwamfutarsa da talabijin ko wani allo na biyu: manhaja takan tuna inda tagarta take a ranar, sai ta koma can ta buɗe, alhali an riga an cire allon. In haka ne, a Windows ka zaɓe ta da Alt da Tab, sa'an nan ka danna madannin Windows tare da kibiyar sama, za ta dawo ta cika allonka.

Wani lokaci kuma tsohuwar ce ba ta mutu ba. Jiya ka rufe taga, amma aikin ya maƙale a ciki bai fita ba, yana nan riƙe da kundin. A Linux, in gPodder za ta tashi takan duba ko akwai wata 'yar'uwarta da ke aiki, in ta samu sai ta ce mata ta fito da tagarta, ita kuma ta janye. To in waccan ta sandare, ka ga babu mai fitowa ke nan. A Windows danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka nemi sunanta ka tsayar da ita. A Linux ka yi haka a System Monitor. Wanda duk wannan ya yi masa wuya, ya kashe kwamfutar ya sake kunnawa, amma ya zaɓi Restart, domin a Windows na yanzu kashewa ta Shut down ba ta share komai da komai daga ƙwaƙwalwar na'ura.

Sai ka duba ko rumbun ya cika. Irin wannan manhaja ba ta gajiya da saukewa, in ka ba ta izini za ta yi ta tarawa har wuri ya ƙare. In babu ko ɗan wurin da za ta rubuta layi ɗaya a kundinta, tana iya faɗuwa tun daga bakin ƙofa. Haka kuma wanda ya mayar da ajiyarsa kan filashi ko rumbun waje, ya tabbata yana jone, kuma harafin da Windows ta ba shi bai canja ba. Jiya yana E, yau ƙaninka ya soka wani filashin ya karɓe E, naka ya koma F, manhaja kuwa tana can tana neman E.

A tambaye ta abin da ke damunta

In duk wannan bai yi ba, to sai mu daina cinta, mu tambayi manhajar da kanta. Galibi manhaja ba ta mutuwa ba tare da ta faɗi dalili ba, sai dai tana faɗa ne a inda ba ma dubawa. Wuri na farko shi ne foldar Logs. A nan gPodder take rubuta rahoton abin da ta yi, fayil ɗaya kowace rana, sunansa kwanan watan ranar, shekara da wata da rana. Ba ta ajiye su da daɗewa, bayan 'yan kwanaki takan share tsofaffin. Ka gwada tayar da ita yanzu, sa'an nan ka buɗe fayil ɗin yau da Notepad, ka gangara can ƙarshe.

Ko rashin rahoton ma labari ne. In ka tarar babu fayil mai kwanan watan yau, ma'ana ta faɗi ne tun kafin ta kai ga ɗaukar alƙalami, ko kuma an hana ta rubutu a foldar. Wannan ya nuna maka ka nemi matsalar a jikin manhajar ko a wajen izini. In kuwa akwai rahoto kuma ya yi nisa kafin ya tsaya, to ta tashi lafiya, wani abu ta taka a hanya.

Masu Linux suna da hanya mafi kyau. A buɗe tagar umarni, watau Terminal, a rubuta:

gpodder -v

a danna Enter. Wannan harafi na v yana nufin ta yi magana da yawa, ta faɗi duk matakin da ta taka. Rubutu zai zubo da Turanci, kada ya ba ka tsoro. An rubuta gPodder ne da harshen kwamfuta mai suna Python, wanda Guido van Rossum ɗan ƙasar Holan ya fitar a 1991, kuma Python yana da ɗabi'a guda mai kyau: in abu ya faɗi, yakan jero hanyar da aka bi har aka kai wurin faɗuwar. Jerin yakan fara da kalmar Traceback. Yara da yawa sukan fara karantawa daga sama su rikice. A'a, daga ƙasa ake karanta shi. Layin ƙarshe shi ne sunan ciwon, na samansa kuma suna nuna inda abin ya faru. Ka kwafi wannan layi na ƙarshe a takarda harafi da harafi, kada ka canja ko ɗigo.

Yanzu bari mu duba irin layukan da aka fi gani.

In ka ga No module named, sa'an nan wani suna ya biyo baya, ma'anarsa wani yanki da manhajar ta dogara da shi ya ɓata. gPodder ba ita kaɗai take aiki ba, tana da mataimaka. Akwai podcastparser mai karanta adireshin RSS, akwai mygpoclient mai magana da gpodder.net, akwai kuma gi, wanda shi ne gada tsakanin Python da GTK, kayan da ake zana tagogi da madannai da su. In ɗaya ya ɓace, sauran ba za su iya ba. A Ubuntu da Debian waɗannan suna zuwa ne da sunaye kamar python3-podcastparser da python3-mygpoclient da python3-gi, kuma ana mayar da su da umarnin apt. In layin ya ce Namespace Gtk not available, to gadar tana nan, abin da ke hayinta ne babu, a girka gir1.2-gtk-3.0.

Me ke sa yanki ya ɓace bayan jiya yana nan? Mafi yawa sabuntawa ce. Shi Python ba a tsaye yake ba. gPodder ta koma kan Python 3 da GTK 3 tun fitowarta ta 3.10 a ƙarshen 2017, kuma an daina kula da Python 2 baki ɗaya ranar 1 ga Janairu 2020. A cikin Python 3 ɗin ma ana ta rage kaya: fitowar 3.12 ta watan Oktoba 2023 ta cire waɗansu tsofaffin yankuna irin su imp da distutils, ta 3.13 a 2024 ta ƙara cire waɗansu. Duk tsohuwar manhajar da ke neman abin da aka cire za ta faɗi nan take. Maganin wannan shi ne a sabunta manhajar ta kamo zamani, kada a ce za a mayar da Python baya, domin sauran kayan kwamfutar suna dogara da shi. Akwai kuma ɗalibin da ke koyon rubuta manhaja, ya girka wani Python nasa na dabam a kan na asali. Sai gPodder ta je wajen baƙon tana neman mataimakanta, shi kuwa bai san su ba. Ɗalibanmu masu son kwamfuta, ku kula da wannan.

Ga wata dabara mai amfani. Tare da gPodder akwai ƙanwarta mai suna gpo, wadda ke yin aikin duka ba tare da taga ba, da rubutu kawai. Rubuta gpo list. In ta jero maka sunayen shirye-shiryenka, ka yi hamdala, domin ka san abu biyu a lokaci ɗaya: kundinka yana karantuwa, kuma matsalar tana ɓangaren zana taga ne. Tun kana nan sai ka rubuta gpo export jerina.opml, ta fitar maka da adireshin shirye-shiryenka duka a ɗan ƙaramin fayil.

In layin ya ce Permission denied, ko unable to open database file, ko ya ambaci readonly database, to batun izini ne. A Linux yakan faru ga wanda ya taɓa tayar da manhajar da sudo, watau da ikon shugaban kwamfuta. A waɗansu kwamfutocin fayilolin da ta rubuta a ranar sai su zama mallakar shugaba, gobe in ka zo a matsayinka na kullum a ce ba ka da iko a kansu. Ana mayar da mallakar da umarnin chown, kuma daga ranar kada a sake kiran irin wannan manhaja da sudo, ba ta bukatarsa. A Windows kuwa mai gadi ne kan tare ƙofa. Tun 2017 Windows 10 take da wani tsaro mai suna Controlled folder access, wanda in an kunna shi yakan hana manhajar da bai sani ba yin rubutu a Documents, kuma kun ji a nan gPodder take zaune. Haka ma manhajar riga-kafin bairos takan yi kuskure ta kama wani fayil na manhaja mai gaskiya ta kulle. A shiga Windows Security a duba Protection history, a nan ake ganin abin da aka kama da abin da aka hana. In ka ga sunanta, ka ba ta izini ita kaɗai. Ban ga hikimar kashe tsaron gaba ɗaya ba saboda manhaja guda, ko da yake shi ne abin da mutane suka fi saurin yi. Sharaɗi dai shi ne ka tabbata daga gidanta ka samo ta, watau gpodder.github.io ko rumbun manhajojin Linux ɗinka. In kuwa wani ne ya tura maka ita a filashi ba ka san asalinta ba, to wataƙila mai gadin ne ke da gaskiya.

Kundin da ya sami rauni

Mun zo inda ya fi muhimmanci. Fayil ɗin nan Database an gina shi ne da wani tsari mai suna SQLite, wanda Richard Hipp ɗan Amurka ya fara fitarwa a shekarar 2000, kuma yau yana cikin kusan kowace wayar hannu ta zamani. Layuka biyu ne ke nuna matsalarsa. Na farko database is locked, watau an kulle kundin. Wannan mai sauƙi ne, wani ne ke riƙe da shi, galibi tsohuwar manhajar nan da ta maƙale, ko wata manhajar da ke kwafar Documents zuwa intanet ta kama shi a daidai lokacin. Sake kunna kwamfuta yakan warware shi. Na biyu database disk image is malformed, shi ne mai nauyi, yana nufin shafukan kundin sun hargitse.

Yaya kundi ke hargitsewa? SQLite yana da tsari mai kyau na kare kansa. Kafin ya canja wani shafi, yakan kwafi tsohon shafin ya ajiye a wani ɗan fayil na gefe, wanda sunansa ke ƙarewa da journal. In aka ɗauke wuta yana tsakiyar rubutu, idan an dawo sai ya duba wannan ɗan fayil ya mayar da komai yadda yake kafin a fara. Saboda haka ɗauke wuta kaɗai ba ta cika lalata shi ba. Abin da ke lalata shi shi ne in rumbun ya tsufa yana ɓata abin da aka rubuta, ko filashi marar kyau da ke cewa ya rubuta alhali bai gama ba, ko a fizge filashi ana cikin aiki. Sai kuma mai tsabta da ya wuce gona da iri, wanda zai ga wani baƙon fayil mai suna Database-journal bayan an ɗauke wuta, ya ce wannan shara ce, ya goge. Ya goge maganin ke nan. In kun gan shi ku bar shi, in za ku kwafi kundin ku kwafe su tare. Mu da wuta ke zuwa tana tafiya ba sallama, wannan ya shafe mu ƙwarai, musamman masu kwamfutar tebur da ba ta da batir.

Kada kuma mu ji haushin manhajar don ta ƙi buɗe kundi mai rauni. Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Da ta tashi ta ci gaba da rubutu a kan shafukan da suka hargitse, da ɓarnar ta fi haka.

Yadda za a tabbatar ko a shagon ciwon yake, ga shi. Bayan ka kwafi foldar gPodder ka ajiye, sai ka canja wa ta asalin suna, ka ce mata misali gPodder-tsohuwa. Ka tayar da manhajar. Da ta duba ba ta ga foldarta ba, za ta ɗauka yau aka girka ta, ta gina sabuwa fil babu komai a ciki. In ta ƙi tashi duk da haka, to kayanka ba su da laifi, ka mayar wa folda sunanta, ka cire manhajar ka sake girka sabuwar fitowa. In kuwa ta tashi, kada hankalinka ya tashi don ka ga babu shirye-shiryenka, suna nan a tsohuwar folda. Yanzu sai ka rufe ta, ka kwafo Database shi kaɗai daga tsohuwa zuwa sabuwa, ka sake gwadawa. Ta tashi? To kundin lafiya lau, laifin yana cikin Settings.json ko wani ƙarin kaya da aka kunna mata, sai ka bar sabon tsarin, ka dawo da Downloads, ka sake saita ta yadda kake so. Ta faɗi? Ka kama mai laifi. Abin lura shi ne abu ɗaya ake canjawa a kowane gwaji. Wanda ya canja abu uku a lokaci ɗaya, ko ta gyaru bai san abin da ya gyara ta ba, kuma ranar da ta sake yi zai koma farko.

Kundi mai rauni ma ba a yanke masa ƙauna. Akwai ƙaramar manhaja mai suna sqlite3. In aka buɗe kwafin kundin da ita aka ba ta umarnin PRAGMA integrity_check. Za ta duba shi shafi-shafi, in lafiya yake ta amsa da ok, in ba haka ba ta jero inda ya lalace. Tun 2019 kuma tana da umarnin .recover, wanda ke tsince duk abin da ya rage mai karantuwa domin a zuba shi a sabon kundi. Wannan aiki ne na wanda hannunsa ya ɗan faɗa, yaro ya nemi malamin kwamfuta ko wani yayansa su yi tare, kuma a kan kwafi ake yi, ba a kan na asali ba. Ko da kundin ya ƙi ceto, sautin da ke cikin Downloads fayiloli ne na yau da kullum, mafi yawansu MP3, kowane shiri da foldarsa. Kowace manhajar sauraro za ta buɗe su, ana kuma iya tura su waya.

Wani abu da ake rikitawa da wannan: manhaja ta tashi lafiya amma ta ƙi sauke komai, tana ambaton certificate. Wannan ciwo ne dabam. Duba agogon kwamfutar tukuna. Tsohuwar kwamfutar tebur tana da ɗan batir mai kama da kwabo a cikinta, lambarsa CR2032, in ya mutu sai kwanan wata ya koma shekarun baya duk sa'ad da aka ɗauke wuta, shafukan intanet kuma su ƙi yarda da ita.

In an kai ga neman taimako

Wanda ya bi duk wannan bai dace ba, yana iya kai kuka ga masu kula da manhajar, suna karɓar rahoton matsala a GitHub. Amma "ta ƙi tashi, ku taimaka" ba ya isar kowa. A faɗi irin kwamfutar da tsarin da ke kanta, da lambar fitowar gPodder, da inda aka samo ta, da abin da ya canja kafin ta fara, sabuntawa ce ko ɗauke wuta ko sabon riga-kafi. A haɗa da layukan ƙarshe na rahoton yadda suke. Kafin a tura a karanta shi tukuna, domin rahoto yakan ƙunshi sunan mai kwamfuta, wani lokaci har da adireshin shirin da aka biya kuɗi aka shiga, a goge waɗannan. Su masu kula da ita 'yan sa-kai ne, ba albashi ake ba su ba, a yi musu magana da ladabi a kuma yi haƙurin jiran amsa.

Ranar da ta tashi, kafin a saurari komai, a shiga jerin umarninta na Subscriptions a fitar da adireshin shirye-shirye zuwa fayil ɗin OPML, irin wanda muka ce gpo tana fitarwa. Fayil ne ƙarami ƙwarai, bai kai nauyin hoto ɗaya na waya ba, kuma kusan duk manhajojin fodkas suna karanta shi, na kwamfuta da na waya. A ajiye kwafi ɗaya a filashi, ɗaya a wayar wani babba a gidan, a kuma sake fitar da sabo duk lokacin da aka ƙara wani shiri a jerin.